Zauren Tambaya da Amsa: Wahalar Gyaran Fuskar Faifai Kafin a Gina Kiristal a Kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Katsina, ina digiri na biyu a wata jami'a a Turai. An sa ni cikin rukunin masu gina siraran shimfiɗun kiristal, amma tun zuwana ko sau ɗaya ban kunna na'urar ginin ba. Kullum aikina wanke ƙananan faya-fayan sitirontiyam taitanet, wanda muke taƙaitawa da STO, in gasa su a tanderu, in ɗauki hotonsu, shugaban bincikenmu ya duba ya ce a sake. Ni kuwa a idona sumul suke, har fuskata nake gani a ciki. Malam, wannan karatu ne ko aikatau? Kuma me yake nema a fuskar faifan nan wanda ni ba na gani?
*Wata ɗaliba, daga Turai*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Karatu ne, kuma a daidai wurin da aka ajiye ki gizo ke saƙar. Na'urar da kike marmarin kunnawa, duk wanda ya nutsu zai iya koyonta cikin ɗan lokaci. Mai iya miƙa mata faifan da ya dace shi ne ke wuyar samu, kuma shi ake riƙewa a ɗakin bincike.

Bari in ja sauran masu karatu kusa tukuna. Kowane abu mai tauri da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Idan ƙwayoyin nan suka jeru bisa tsari ɗaya tun daga wannan gefe har wancan, ba inda layi ya karye ya kama wata alƙibla, shi ake kira kiristal guda. Ƙusa ko cokali ba haka suke ba, tarin ƙananan kiristal ne, kowane ya fuskanci inda ya ga dama, kuma a kan iyakokinsu lantarki ke tuntuɓe, haske ke salwanta. Shi ya sa ƙwan LED da na'urar leza da sassan cajar waya ta zamani suke buƙatar shimfiɗar da ke kiristal guda. Siririya ce ƙwarai, wani lokaci kaurinta bai wuce nanomita goma ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Abu mai wannan sirantaka ba ya tsayuwa da kansa, dole a gina shi a kan wani kiristal mai kauri, wato faifan da 'yar tamu ke wankewa.

Ki dubi kiret ɗin ƙwai. Mai jera ƙwai ba ya riƙe ma'auni, ramukan kiret ne ke nuna wa kowane ƙwai mazauninsa. Fuskar faifai ita ce kiret ɗin, ƙwayoyin zarrar da na'ura ke saukarwa su ne ƙwan. Babu hannun da ke jera su. Suna sauka ne, su yi ta yawo a kan fuskar saboda zafi, har kowace ta faɗa ramin da ya karɓe ta. In tsakuwa ta cike rami ɗaya, ƙwan zai zauna a karkace, na kusa da shi su goce, sahun da ya hau kai kuma ya gaji karkatar har zuwa sama. Na'ura ba ta da ikon gyara wannan daga baya. Sahun farko shi ke yanke wa dukan shimfiɗar hukunci, shi kuma sahun farko fuskar faifai ce ke yanke masa.

Kin ce kina ganin fuskarki a ciki. Ido da haske yake gani, tsawon zangon hasken da muke gani kuwa tsakanin nanomita 400 ne da 700. Duk gargadar da ta gaza haka da nisa, haske tsallake ta yake yi, sai wuri ya yi ƙyalli. Faifan da ke da tudu da kwari na nanomita biyar madubi ne a idonki, alhali a ma'aunin STO, inda tsayin ɗaki ɗaya na kiristal ɗin, wato ƙaramin tubalin da jerin ke ta maimaitawa, nanomita 0.39 ne, wannan tudun ya haura hawa goma sha biyu. Don haka ƙyalli ba shaida ba ne. Shaidar tana wurin na'urar AFM, wadda Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka ƙirƙiro a 1986, mai bin fuskar abu da tsinin allura tana auna hawa da sauka. Hoton da kike ɗauka ke nan, kuma ina so ki daina kallonsa a matsayin takardar da za ki miƙa wa shugaba. Ki koyi karanta shi da kanki.

Kafin mu kai ga abin da yake nema, ki san tarihin faifan da ya zo hannunki. Da zarto ko waya mai ƙurar daimon aka yanko shi daga babban kiristal, aka nika fuskarsa da gari mai kaushi, aka bi da mai laushi, daga ƙarshe aka goge da ruwan sinadari mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin silika. Kowane mataki yana share raunin da na gabansa ya bari, ya bar nasa ƙarami. In kamfani ya yi gaggawa a gugar ƙarshe, sama za ta yi sumul amma ƙarƙashinta akwai ƙujewa da murɗewar layuka a ɓoye. Ba za su bayyana ba sai an zuba asid ko an gasa, sai ki ga dogayen layuka sun fito sun ratsa hoton. Wannan ba laifin hannunki ba ne, daga masana'anta ya zo, kuma shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su rubuta lambar kowane kwalin faya-fayai a littafinsu. Kwali biyu daga kamfani ɗaya suna iya bambanta.

Sai datti. A nan mutane ke raina abu. Idan aka zuƙe iskar cikin na'ura har matsinta ya koma kusan kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa, ragowar da ta saura ta isa ta lulluɓe tsabtatacciyar fuska da sahu guda cikin kimanin daƙiƙa ɗaya. To ina ga faifan da ke ajiye a kan tebur? Tururin ruwa, maiƙon fata, numfashi, har warin robar da aka ajiye shi a ciki, duk suna sauka a kai. Masu aikin silikon sun daɗe da sanin haka. Werner Kern na kamfanin RCA a Amurka ya tsara wankin da har yau ake kira da sunan kamfanin, a 1965, aka wallafa shi a 1970: ruwan amoniya da haidirojin feroksaid don cire maiƙo da ƙura, sannan asid ɗin haidirokulorik da feroksaid don cire ragowar ƙarafa, duka a zafin da ya kusa digiri 80. Akwai abin da nake son nuna wa sabon ɗalibi a nan, don yana gani da idonsa. In ka ciro faifan silikon daga wankin farko, ruwa kwanciya yake yi a kansa shimfiɗe, ya jiƙa ko'ina, saboda akwai siririyar fatar oksaid a sama mai son ruwa. Ka tsoma shi cikin asid ɗin haidirofulorik mai rauni, wanda ake taƙaitawa da HF, na ɗan lokaci ka ɗago da hantsaki, sai ka ga ruwan ya tattare ya gangare, faifan ya fito a bushe. Fatar nanomita ɗaya ko biyu ce ta tafi, haidirojin ya maye gurbinta. Launi bai sauya ba, ƙyalli bai sauya ba, amma fuskar ta zama wata daban, kuma ɗigon ruwa ne ya ba da labari.

Yanzu ga abin da shugabanki ke nema. Kiristal ɗin STO sahu biyu ne ke karɓa-karɓa a cikinsa: sahun sitirontiyam da oksijin, sai sahun taitaniyam da oksijin, haka har ƙasa. Zarto bai san wannan ba. Idan ya yanka, wani yanki na fuskar zai ƙare da sitirontiyam a sama, wani da taitaniyam, a cakuɗe. Shimfiɗar da aka gina a kan irin wannan fuska za ta fara da tsari biyu daban, inda suka haɗu kuma a samu ɓaraka. A 1994 Masashi Kawasaki da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa asid ɗin HF da aka sassauta da amoniyam fuloraid yana cinye sahun sitirontiyam ya bar na taitaniyam. A 1998 Gertjan Koster da abokansa a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan suka kyautata hanyar: a fara jiƙa faifan a tataccen ruwa domin sitirontiyam ɗin saman ya sha ruwa ya yi saurin narkewa, a tsoma a asid na kusan rabin minti kawai, a ɗauraye, a gasa a wajen digiri 950 cikin iskar oksijin. Ina kyautata zaton wannan ko ɗan'uwansa ne aka ba ki.

Gashin shi ke ba ƙwayoyin zarrar saman damar motsawa su daidaita kansu. In komai ya tafi daidai, hoton AFM zai nuna matakala: filaye shimfiɗaɗɗu masu faɗi ɗaya, gefunansu a miƙe, kowane yana sauka zuwa na gaba. Ki ja layi a kan hoton ya ratsa matakan, ki karanta tsayinsu. Idan kowane mataki nanomita 0.39 ne, fuskar duka sahu ɗaya ce, kin yi nasara. Idan kika ga matakai na kusan 0.2 a tsakani, rabin ɗaki ke nan, ma'ana har yanzu sahun biyu suna cakuɗe. Idan kika ga ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu, asid ya daɗe ko ya yi ƙarfi. Idan gefunan matakan sun yi ta lanƙwasa da tsibirai a tsakiyar fili, gashin bai isa ba. Idan kuma ɗige-ɗige suka fito a bakin matakan, an zarce, sitirontiyam na ciki ya fara tasowa sama. Da wuya "a sake" ɗin da yake ce miki ya fita daga cikin waɗannan. Gobe in ya faɗa, ki tambaye shi wanne ya gani, cikin ladabi, da hoton a hannunki da tsayin da kika auna. Malamin kirki yana jin daɗin irin wannan tambayar.

Kada ki ɗauka tsanani ne kawai irin na masana. A 2004 Akira Ohtomo da Harold Hwang suka gina lantanam aluminet a kan STO. Dukansu biyu ba sa wuce da lantarki, amma a daidai mahaɗarsu sai ga lantarki yana gudana. Wannan kuwa yana faruwa ne idan sahun taitaniyam ne a sama. In sahun sitirontiyam ne, shiru. Sahu ɗaya na ƙwayoyin zarra ya raba samuwar abin da rashinsa, kuma fage guda na bincike ya tsiro daga nan. Ba don wani ya zauna ya yi irin wankin da kike yi ba, da ba a gan shi ba.

Akwai abin da ya fi burge ni a duk wannan fanni, shi ne matakalar nan ba aibi ba ce da aka kasa kawarwa. Ana son ta. Ba a iya yanka kiristal daidai da sahunsa ɗari bisa ɗari, kullum akwai 'yar karkata, ita ce ke haifar da matakan. Karkatar digiri 0.1 a STO tana ba da filaye masu faɗin kusan nanomita 220. Ƙwayar zarrar da ta sauka a fili ta fi son ta gangara ta manne a gindin mataki, domin a can tana da maƙwabta ta ƙasa da ta gefe. In filin bai yi faɗin da za ta gaji a hanya ba, duk za su isa bakin matakan, matakan su yi ta tafiya gaba tare, shimfiɗa ta tashi sumul. In filin ya yi faɗi da yawa, sai su haɗu a tsakiya su kafa tsibirai. Saboda haka ne ma tsawon lokacin gashi ke bin faɗin fili: faifai mai faffaɗan fili ya fi buƙatar lokaci. Ki auna karkatar kowane sabon kwali kafin ki kwafi lokacin da wani ya rubuta.

Wasu ma da gangan suke ƙara karkatar. Silikon kabaid yana da salon jeri sama da 200, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar fuska sabon gini yakan ɗauki salon da ba a so. A 1987 rukunin Hiroyuki Matsunami a Jami'ar Kyoto ya nuna cewa in aka yanka faifan a karkace da 'yan digirori, gefen kowane mataki yana tona salon jerin da ke ciki, sabuwar shimfiɗa ta kwafe shi. Yau faya-fayan silikon kabaid da karkatar digiri 4 ake sayar da su, kuma daga gare su ake yin sassan da ke cikin motocin lantarki da wasu inbatocin sola. Haka faifan jamaniyam da ake gina ƙwayoyin solar tauraron ɗan'adam a kai, karkatar digiri 6 ake ba shi.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonki da girman Allah ki riƙe shi. Asid ɗin HF da aka sassauta ba ya ƙuna nan take irin na sauran. Yana ratsa fata shiru, ya kama sinadarin kalsiyam na jiki, zafin ya zo bayan sa'o'i lokacin da ɓarna ta yi nisa. Kada ki taɓa aiki da shi ke kaɗai a ɗaki. Safar hannu biyu, kariyar fuska, kuma ki tabbata man kalsiyam gulukonet yana kusa, ki duba ranar lalacewarsa da idonki. Ba a zuba shi a kofin gilashi, cin gilashi yake yi. Akwai kuma hanyar da aka wallafa a 2012 wadda ke amfani da gashi da tataccen ruwa kawai, ba asid. Ki kawo wa shugabanki maganarta, ku gwada ku kwatanta hotunan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da ƙwayayen LED da fitilun sola. Wani injiniya ya ce min a kan dutsen safaya ake yin ɗan abin da ke ba da hasken. Gaskiya ne? Kuma shi ne dalilin da wasu ƙwayayen ke mutuwa da wuri?
*Wani mai shago, Sabon Gari, Kano*

Amsa: Alhaji, injiniyan nan bai yi maka ƙarya ba. In ka fasa farin murfin ƙwan za ka ga ƙananan ɗigo masu ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawar shafe ne na wani gari mai juya shuɗin haske ya koma fari. A ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙaramin kiristal na galiyam naitaraid mai fitar da shuɗin haske, kuma mafi yawansu a kan faifan safaya aka gina su.

Labarin yadda aka kai ga haka labarin gyaran fuska ne tsantsa. Tazarar jerin galiyam naitaraid da ta safaya sun saɓa da kusan kashi 16 cikin 100. In mun koma ga kiret ɗin da na ambata a sama, ƙwan ya fi ramin girma nesa ba kusa ba. Shekaru da yawa duk wanda ya gwada, abin da yake samu shimfiɗa ce mai gargada da tsagewa, fari-fari kamar gilashin da aka kankare. Manyan kamfanoni suka haƙura suka koma wasu sinadaran. Isamu Akasaki a Jami'ar Nagoya bai haƙura ba, shi da ɗalibinsa Hiroshi Amano. A 1985 Amano ya fara ɗora siririyar shimfiɗar aluminiyam naitaraid a kan safayar, a zafin da ya gaza wanda aka saba da nisa, sannan ya ɗaga zafin zuwa wajen digiri 1,000 ya gina galiyam naitaraid a kai. Abin da ya fito garau yake, har ya yi zaton babu abin da ya hau faifan. Suka wallafa sakamakon a 1986.

Dalilin shi ne, a ƙaramin zafi ƙwayoyin zarra ba sa yawo da nisa, inda suka sauka nan suke zama, sai su rufe fuskar safayar baki ɗaya da shimfiɗa mai kaurin 'yan gomman nanomita. Da aka ɗaga zafi sai wannan shimfiɗar tsakani ta rikiɗe ta zama ƙananan tsirrai masu yawa, duk suna bin alƙiblar safayar. Galiyam naitaraid ya kama a kansu, ya bazu gefe da gefe har ya haɗe ya zama fili ɗaya. A 1991 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a garin Anan ya yi irin wannan da galiyam naitaraid ɗin kansa a matsayin shimfiɗar tsakani, a ƙarshen 1993 kuma kamfanin ya fito da shuɗin LED mai haske sosai. Farin ya biyo baya a 1996. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Ni a ganina, duk da sauran matsalolin da suka warware daga baya, wannan 'yar shimfiɗar ita ta buɗe ƙofar, domin kafin ita babu kiristal ɗin kirki da za a yi sauran gwaje-gwajen a kai.

Duk da haka ɓaraka ba ta ƙare ba. A irin wannan gini akan samu layukan ɓaraka miliyan 100 zuwa biliyan 10 a kowace santimita murabba'i, adadin da da a wani sinadarin ne ko ƙyas ba zai haska ba. Shi ya sa masana'antu ba su daina gyaran fuskar ba. Kafin gini suna gasa safayar cikin iskar haidirojin a sama da digiri 1,000, su bi da amoniya. Suna yanka ta da 'yar karkata ta kusan digiri 0.2. Yawancin ta yau ma sassaƙa mata ƙananan tsinuka ake yi a jere, tazararsu kimanin maikuromita uku, wato nanomita 3,000, domin ginin ya taso daga tsakaninsu ya rufe ta kansu, ɓaraka da yawa su lanƙwashe su mutu a hanya, hasken da zai maƙale a ciki kuma ya samu mafita.

Game da mutuwar ƙwayaye kuwa, kada mu ɗora wa safaya laifin da ba nata ba. Kiristal mai ɓaraka da yawa yana dusashewa da wuri, gaskiya ne, kuma masu arha sukan sayi na ƙasan zaɓe. Amma mafi yawan ƙwan da abokan cinikinka ke dawo maka da shi, 'yar da'irar lantarkin da ke gindinsa ce ta ƙone, ko zafi ya kashe shi saboda an yi rowar aluminiyam ɗin da zai kwashe zafin, ko an tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa don ya yi haske a shago, ko hawa da saukar wutar janareta. In kana zaɓen kaya, ɗauki ƙwan ka ji nauyin gindinsa, ka kunna shi na rabin sa'a ka taɓa.

Tambaya: Malam, tunda safaya ake amfani da ita, mu da Allah ya ba mu ita a tsaunin Mambila, me zai hana mu sayar wa masu yin LED?
*Wani mai harkar ma'adinai, Jalingo*

Amsa: Malam, safayar Mambila dukiya ce, amma kasuwarta ta masu ado ce. Shuɗin da ke sa ta tsada ƙarfe ne da taitaniyam da suka shiga cikinta, wato abin da mai zobe ke biya dominsa shi ne mai LED ke gudu. Ga ƙanƙanta, ga tsaga da ƙurar da ke cikin dutsen ƙasa. Safayar masana'anta fara ce tas. Ana narkar da tataccen garin alumina a zafin da ya haura digiri 2,000, a tsoma ɗan irin kiristal, a bar shi ya girma a hankali har ya zama dunƙule mai nauyin kilo da yawa, sannan a yanka faya-fayai masu faɗin inci biyu, huɗu ko shida, bisa alƙiblar da aka auna da hasken eksire. Tun 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar yin irin wannan dutse a tanderu. Ka nemi masu yanka da goge duwatsun ado, a can ribarka take.

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ba mu da kayan aiki. Akwai yadda zan nuna wa yara wannan abu da idonsu?
*Wata malama, Maraɗi*

Amsa: Akwai, Malama, kuma na ji daɗin tambayar. Ki nemi alif, wanda ake tace ruwa da shi. Ki narkar da shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ki tace da tsumma mai tsabta, ki zuba kaɗan a faranti ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga ƙananan kiristal a ƙasa. Ki zaɓi uku masu kyawun kusurwa. Na farko ki ɗauke shi da hantsaki, kada hannu ya taɓa. Na biyu ki kankare fuskarsa da allura ko takardar yashi. Na uku ki sa yaro ya murza shi da yatsun da suka taɓa man shafawa. Ki ɗaure kowanne da siririn zare, ki rataya su a kofuna uku na ruwan alif ɗin nan bayan ya huce sarai, domin in da ɗumi narkar da su zai yi. Ki rufe da takarda saboda ƙura, ki ajiye inda rana ba ta bugu kuma ba a girgiza teburin.

Yara su riƙa zana abin da suka gani kullum har mako guda: wanne ya girma garau da fuskoki masu santsi, wanne ya yi hazo a ciki, wanne ƙananan 'ya'ya suka tsiro masa a jiki. Ruwa ɗaya ne, zafi ɗaya, fuskar farawa ce kawai ta bambanta, kuma su da kansu za su faɗi haka kafin ki faɗa.

In kin samu alif mai sinadarin kuromiyam a wurin masu sayar da kayan gwaje-gwajen makarantu, launinsa shunayya ne, kuma jerinsa kusan ɗaya ne da na farin. Ki fara raino da shi, sannan ki mayar da kiristal ɗin cikin ruwan farin alif. Farin zai hau kansa ya bi kusurwoyinsa daidai, a riƙa hango shunayyar a ciki. Wajen narkar da mai kuromiyam kada ruwan ya wuce digiri 50, in ya wuce kore yake komawa ya ƙi daskarewa, kuma yara su wanke hannu bayan sun taɓa shi.